Wutar Rana Ba Ta Murhu Ba Ce

Assalamu alaikum. 'Yan uwa ɗalibai, na baya kuna ji na? To madalla.

Mu fara da tauraron da ya fi kusa da mu, wato rana. E, rana ma cikin taurari take, kusanci ne ya sa ta fi sauran girma a idonmu. Ita kuwa Zara matar wata, duk ƙyallin nan nata aro ne, duniya ce irin tamu, hasken rana take maido mana.

To me ke ci a cikin rana? Wutar murhu sai da itace da iska. Da rana tulin gawayi ce, da ta zama toka cikin 'yan dubban shekaru, alhali ta kai shekara biliyan 4.6 tana haskawa. Abin ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, sai a 1920 Arthur Eddington na Ingila ya ce a duba cikin ƙwayar zarra. A 1925 Cecilia Payne ta nuna yawancin jikin taurari haidirojin ne, wato iskar da ta fi kowace rashin nauyi, Hans Bethe kuma ya warware lissafin a 1939.

Ga yadda abin yake. Nauyin rana da kansa ke danne cibiyarta, har zafin wurin ya kai digiri miliyan 15. Ƙwayoyin haidirojin ba sa ga maciji da juna, kamar kishiyoyi, amma a wannan matsi dole wasu su haɗe, huɗu su zama ƙwaya ɗaya ta wata iskar daban mai suna hiliyom. Ku kasa kunne nan. In aka auna hiliyom ɗin, bai kai nauyin huɗun ba, kamar ka kai mudu huɗu inji, gari ya dawo da ɗan giɓi. Sai dai nan ba mai inji ya ci ba! Giɓin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ne ke rikiɗa ya zama zafi da haske. Kada ku raina shi. Kowace daƙiƙa rana na sarrafa haidirojin kusan tan miliyan 600, wajen tan miliyan 4 ya tafi a giɓin nan.

Hasken kuma ba nan take yake fitowa ba. Yakan yi dubban shekaru yana karo da ƙwayoyi kafin ya kai fatar rana, daga nan minti 8 da 'yan daƙiƙu ya iso kan rufinku.

Da dare ku nemi tarin taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta. Haskensu ya ɗan yi shuɗi, don sun fi rana zafi, kuma sun fi ta saurin cinye guzurinsu. Malam na gefe, na ga hannunka, bismillah.