Me ya sa WiFi ke ɓacewa idan laftof ta tashi daga barci?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau zamu leƙa abin da ke faruwa cikin laftof daga sanda ka rufe murfinta zuwa sanda ka buɗe, don abin yana damuna yadda mutane ke biyan kuɗin canjin katin WiFi ko sifika alhali kayan lafiyarsu ƙalau, direba ne kawai bai yi aikinsa ba.

Direba dai ƴar manhaja ce da ke tsakanin Windows ko Linux da kowane kaya na cikin kwamfuta, katin WiFi da nasa, na sauti da nasa, na hoto ma haka. Toh shi kayan yana da wasu ƙananan ma'ajiyoyi da ake kira rajista, nan ake rubuta masa saitinsa, kuma da zarar an yanke masa wuta shikenan ya manta komai.

Dokar wannan barcin sunanta ACPI, Intel da Microsoft da Toshiba ne suka fitar da ita a 1996. Kwamfuta gaba ɗayanta tana da matakai, S0 tana aiki, S3 barci ne inda RAM kaɗai, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a ciki, ake bari da ƴar wuta, shi ya sa idan destof ce tana S3 aka ɗauke wuta duk abin da baka yi sebin ba ya tafi. S4 an kwashe abin da ke RAM an zuba a hadis (hard disk), S5 a kashe take. Sababbin laftof da yawa ma basu da S3, suna zama a S0 ne su rage shan wuta, rubuta powercfg /a a Command Prompt na Windows ka ga wanne taka ke da shi. Kowane kaya kuma yana da nasa matakan, daga D0 da yake a farke zuwa D3 da yake a kashe.

Yanzu ka rufe murfi. Windows zata aika wa kowane direba saƙo cewa za a kwanta, shi kuma sai ya daina karɓar sabon aiki, ya ƙarasa wanda ke hannu, ya tsayar da kayan kada ya cigaba da rubutu cikin RAM, sannan ya kwafi saitin nan na rajista ya ajiye a RAM, idan kayan yana da izinin tayar da kwamfuta kamar kibod sai ya ɗana masa wannan, kafin nan ya sauke shi zuwa D3. Kuma bi da bi ake yi, kamar uwa ce da sai ta kwantar da yara sannan ta kwanta, kuma ita ke riga su tashi. Kyamarar da ke kan USB ita zata fara kwanciya kafin abin da ke kula da USB ɗin, wajen tashi a juya.

Wajen tashin nan ake samun matsala. Direba zai dawo da kayan D0, ya ɗan jira ya daidaita, wasu katunan WiFi sai an sake loda musu manhajar cikinsu, sannan ya mayar da saitin. Ya yi gaggawa ko ya tsallake rajista ɗaya, sai ka ga alamar WiFi ta ɓace ko sauti ya ɗauke. Idan kuma ya riƙe saƙon ya ƙi amsawa, Windows ta gaji da jira ta kawo shuɗin allo mai lamba 0x9F.

Idan matsalar ta same ka, danna Restart, kar ka danna Shut down. Tun Windows 8 akwai Fast Startup, wato Shut down ɗin ma ajiye cibiyar Windows da direbobi yake a hadis, ka kunna ya dawo maka da su yadda suke. Restart ne ke loda direba daga farko. Idan abin yana maimaituwa, shiga Device Manager, buɗe katin, a shafin Power Management cire alamar da ta ba kwamfuta damar kashe shi don adana wuta, batir zai ɗan fi saurin sauka amma WiFi zai zauna. Daga nan ka je shafin kamfanin laftof ɗinka ka sauke sabon direba da sabon BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, ka tabbata caja na jone kafin ka taɓa BIOS ɗin.