Sarki, Waziri da Ɗan Aike a Tukunyar Magani: Yadda Sinawa Ke Harhaɗa Itatuwa

Jama'a, barkanmu da yamma. Masu maganin gargajiya a ƙasar Sin ba kasafai suke ba da itace ɗaya tilo ba. Haɗi suke yi, kuma haɗin nan tsarin fada gare shi: akwai sarki, akwai waziri, akwai mataimaki, sannan ɗan aike. Ku da kuka san fada, abin ba zai yi muku wuyar ganewa ba.

Mu ɗauki haɗin Ma Huang Tang, wanda likita Zhang Zhongjing ya rubuta a littafinsa Shang Han Lun wajen shekara ta 200 miladiyya. Na wanda sanyi ya kama ne, jiki na ciwo, yana haki, zufa ta ƙi fita. Sarkin shi ne wani tsiro mai suna ma huang, awo 3, aikinsa fitar da zufa. Waziri reshen kirfa ne, awo 2, yana ɗumama jiki, yana ƙara wa sarki ƙarfi. Mataimaki ƙwayar ƙwallon afirikot, guda 70, ita ke kula da tari. Sai ɗan aike, wata saiwa mai zaƙi da suke kira gan cao, awo 1 kacal, tana sasanta tsakaninsu don kada sarki ya wuce gona da iri.

To, ga inda abin ke burge ni. A cire kirfa, a sa wani farin dutse mai suna "shi gao", mai sanyaya jiki, sai haɗin ya koma na mai zafi a huhu. Sauran ukun suna nan, amma cutar da ake nufi ta sauya! Kirfar kuma da ke waziri a nan, a haɗin Gui Zhi Tang ita ce sarki. Wato muƙamin ba na gado ba ne.

Akwai waɗanda ake haɗawa don kashe dafi, kamar ɗanyar citta da ke kashe dafin wata saiwa mai suna ban xia. Akwai kuma waɗanda ba sa ga maciji da juna: gan cao, duk da iya sulhunta, ba a haɗa ta da wata saiwa mai suna gan sui.

Wani daga baya can yana tambaya ko ma huang na da haɗari. Ƙwarai kuwa. A 1885 masani Nagai Nagayoshi na Japan ya tace sinadarin efedirin daga cikinsa, mai sa zuciya bugawa da sauri, mai hawar da jini. A Amurka an riƙa sayar da shi a ƙwayoyin rage ƙiba, mutane na sha kullum, har wasu suka rasa rayukansu, hukuma ta haramta su a 2004. Shi kuwa Zhang, cewa ya yi a sha, a lulluɓa, a nemi 'yar zufa kaɗan kawai.