Akhenaten, Fir'aunan da ya juya wa Amun baya

Gidan sarauta na 18 ya riƙe Masar daga wajen shekara ta 1550 zuwa 1292 kafin haihuwar Annabi Isa. Ahmose na ɗaya ne ya kafa shi bayan ya fatattaki Hiksos, baƙin sarakuna 'yan asalin Asiya, daga arewa. Zuriyarsa suka ci ƙasashe daga Nubiya, a kudancin Masar da arewacin Sudan na yau, har Sham, kuma duk ganimar da aka kwaso sai an fitar da kason Amun, abin bautar birnin Tebes, inda Luksor take a yau. Da haka ɗakin bautarsa na Karnak ya tara gonaki, shanu, rumbuna da ɗimbin ma'aikata.

A kan wannan dukiya Amenhotep na huɗu ya hau gado, wajen 1353. Ya ɗauki Aten, wato faifan rana, ya fifita shi a kan kowa. Ku dubi yadda ake zana shi: ba kan mutum, ba kan dabba, da'ira ce kawai, haskenta na saukowa, kowane zare ya ƙare da ɗan hannu. Wasu hannayen na miƙa alamar rai daidai hancin sarki da matarsa Nefertiti. 'Yan gidan sarauta kaɗai ke samun wannan.

A shekara ta 5 ta mulkinsa ya sauya suna zuwa Akhenaten, ya zaɓi wani fili a gabashin kogin Nilu, kimanin kilomita 300 kudu da Alƙahira, ya ce nan ne sabon babban birni. Sunansa Akhetaten, yau ana ce masa Amarna. Aka sassaƙa allunan iyaka a jikin duwatsun da ke kewaye, 16 aka gano kawo yanzu.

Yaya aka yi birni ya tashi cikin 'yan shekaru? Sirrin yana cikin tubalin. Maimakon manyan duwatsun da sai taron mutane sun ja, magina suka koma yanka ƙanana da ake kira talatat, tsawo kusan santimita 54, faɗi da kauri 27. Ƙato ɗaya zai saɓa guda a kafaɗa, a jera da farar ƙasa kamar bulo. Ɗakunan bautar ma ba rufi, tunda abin bautar yana sama. Fili ne fetal, da ɗaruruwan teburan hadaya a rana. Saurin nan kuwa talaka ne ya biya kuɗinsa da jikinsa: ƙasusuwan da aka tono a maƙabartun birnin sun nuna raunin ƙashin baya, ƙarancin abinci, da mutuwar ƙuruciya mai yawa.

Daga baya aka baza masassaƙa su kankare sunan Amun duk inda yake, har a cikin sunan mahaifin sarkin, Amenhotep na uku. A wasu bangaye kalmar "alloli" ma an goge ta.

Wasu na cewa tauhidi ya kawo. A yi hattara da wannan magana. Sarki ne ke bauta wa Aten, jama'a kuma sai ta hannun sarki. A gidajen manya, hoton iyalin sarki ake ajiyewa a wurin ibada. Nan gizo ke saƙar. An hana mutane bikin da ake fito da Amun cikin jirgin ruwa, an ture Osiris wanda suke dogaro da shi a kan lahira, ba a kuma ba su wani abin riƙewa ba. Shi ya sa a unguwar ma'aikata ta Amarna kanta aka tono layun Bes da Taweret, masu tsaron mai ciki da jariri. Mace mai naƙuda ba ta jiran fada.

Shekara 17 Akhenaten ya yi a kan mulki ya mutu. Ba a jima ba yaro ɗan shekara 8 ko 9, Tutankhaten, ya hau, ya koma Tutankhamun, fada ta bar Amarna, aka buɗe ɗakunan Amun. Horemheb, sarki na ƙarshe a gidan, ya rushe gine-ginen Aten na Karnak ya cusa tubalan cikin manyan ƙofofin da ya gina. Ɓoyewar ce ta kare zanen da ke jikin tubalan daga rana da iska, aka zaro dubun dubatarsu a ƙarni na 20. A jerin sarakunan da Seti na ɗaya, sarki a gida na 19, ya sa aka rubuta a ɗakin bautarsa na garin Abidos, daga Amenhotep na uku sai Horemheb: babu Akhenaten, babu Tutankhamun, babu Ay wanda ya gaje shi.