Kurɗuba: Ginin da Sahu Ya Tsara, Ƙararrawa Ta Gada

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da 'yan'uwa ɗalibai, na gode da kuka ba ni aron kunnuwanku. Yau Andalus za mu leƙa, kudancin Sifaniya, birnin Kurɗuba da ke bakin kogin da Larabawa suka kira Wadil Kabir.

Abdurrahman na Ɗaya, Ba'umayyen da ya tsira daga takobin Abbasiyawa, shi ya aza harsashin babban masallacin birnin wajajen shekarar 785. Maginansa sun tarar da ginshiƙan marmara birjik a kangwayen Rumawa, amma gajeru ne, in aka ɗora rufi a kansu ɗakin zai danne mutum. Sai suka yi dabara. A kan kowane ginshiƙi suka tayar da wani na dutse, suka haɗa su da baka biyu, ɗaya bisa ɗaya, jan bulo da farin dutse suna bin juna. Wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalli bakan gizo a tsohon soro ya san abin da baka ke yi wa ɗaki. To ku ƙaddara irin wannan sahu-sahu, a kan ginshiƙai da har yau sun haura 800.

Jama'a na ƙaruwa, masallaci na faɗaɗa. Halifa Al-Hakam na Biyu ya tura bangon alƙibla gaba daga 961, ya kawo gwanin ado daga Kustantiniyya, babban birnin daular Kiristocin Rum, ya ƙawata mihrabi da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya. Da waziri Al-Mansur ya zo ƙari a 987, kogi ya tare gaba, sai ya buɗa gefen gabas. Ginin bai ji komai ba, domin masallaci sahu yake bi. Ka ƙara layi, ka ƙara ginshiƙai, shi ke nan.

Unguwannin da ke kewaye ma suna da nasu tsarin. Lunguna ne matsattsu masu inuwa, wasu ba sa ɓullewa, gida ya ba titi baya ya fuskanci tsakar gida, sai ka ratsa zaure kafin ka ga kowa. Mutumin cikin birnin Kano ba zai yi baƙunta a can ba.

A 1236 Sarki Fernando na Uku na Kastila, masarautar Kiristoci, ya ci garin, aka mai da masallacin coci. Ku saurara nan da kyau, don nan ne mutane ke gaggawar yanke hukunci. Kusan shekara 300 ba a rushe jikin ginin ba. Magina da kafintoci Musulmi da suka rage a garin, an ɗora musu aikin kwana biyu a shekara na gyaransa. Tilas ce, ba na ɓoye wannan, amma hannun da ya san ginin shi ya ci gaba da riƙe shi. A Ishbiliya, wani birnin Andalus, kuwa rushe masallacin aka yi a ƙarni na 15, hasumiya da farfajiya kaɗai suka tsira.

Sai 1523 aka fasa tsakiyar ginin, da iznin Sarki Karlos na Biyar mai mulkin Sifaniya a lokacin, duk da majalisar gari ta ƙi. Magini Hernan Ruwis ya soma tayar da coci dogo mai tsayin rufi irin na zamaninsa. Coci yana jan ido zuwa wuri guda, gaba da sama. Masallaci yana baje mutane kafaɗa da kafaɗa. Hasumiyar kiran salla da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina ma ba a kayar ba, an lulluɓe ta ne da hasumiyar ƙararrawa, tana nan a ciki.

Abin da ya fi taɓa ni, wallahi, bangon farfajiya ne. Da can kowane layin ginshiƙai a buɗe yake zuwa farfajiyar alwala, mai salla yana shigowa haske na biye da shi. Aka toshe waɗannan ƙofofi aka yi ɗakunan addu'a. Shi ya sa baƙo yau yake shiga ya ce wurin da duhu, alhali maginan farko da hasken rana suka yi lissafi.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, Malam, yi tambayarka.