Sana'ar Katafila a Kaduna: Haya Kafin Saye

Malam Bala: Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Injiniya, wanda ya tara ɗan jari yana son shiga harkar haƙa da share fili a nan Kaduna, wane inji zai fara saya?

Injiniya: Kada ya sayi ko ɗaya tukuna, Malam. Ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya samo aiki, ya ɗauko eskabeta (injin haƙa) ko gireda (injin daidaita ƙasa) haya. A nan zai koyi lissafi, don lissafi ne ke karya sabon shiga.

Hajiya Rabi: Ƙwarai kuwa. Eskabeta mai tan 20 tana shan dizal lita 15 zuwa 20 a awa. A aikin awa takwas ka ga lita 120 zuwa 160 sun tafi. Sannan ba ta taka kwalta da ƙafarta, sai an ɗora ta a lobed, wato tirelar ɗaukar manyan injuna. Daga Kakuri zuwa Millennium City, kuɗin kaiwa da dawowa dole ya shiga farashi.

Injiniya: Ga kuma abin da ake mantawa: ƙasa in an haƙo ta, kumbura take yi da kusan kashi 25 cikin 100. Ramin kubik mita 100 zai ba ka kusan 125 na kwashewa. Wanda ya ƙirga tifa da awon rami, daga aljihunsa zai cika.

Malam Bala: To idan aka ci karo da dutse fa?

Injiniya: Shi ya sa ake haƙa ramin gwaji kafin a yanke farashi. Ƙasar Kaduna, ka wuce jar ƙasa ka tarar da marmara, wani wurin ma dutse. A rubuta a yarjejeniya cewa kuɗin fasa dutse daban ne.

Hajiya Rabi: Ni ciko ne ya fi damuna, Malam. A juye burji mita guda, a bi da rola sau biyu, a ce an gama! Ruwan Agusta na sauka sai wuri ya lotsa. Ana zubawa ne santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a danne, sannan a ƙara. Ka dunƙula ƙasar a hannu: in ta riƙe ba ta jiƙa tafinka ba, danshinta ya yi. Mai gireda kuma ya ɗaga tsakiyar hanya, ruwa ya gangara kwata.

Malam Bala: Idan lokacin sayen inji na hannu ya yi?

Injiniya: Ya je da makanike da sassafe, a tayar da injin yana sanyi, a ga kalar hayaƙi. A duba yoyon man haidirolik, a girgiza bokitin haƙa a ji ko fil ɗin da ke riƙe shi ya cinye, a leƙa sarƙar ƙasa, don gyaranta na da tsada. Giris kullum, juyen mai duk awa 250, da hunturu kuwa a riƙa duba filtar iska kowace safiya.

Hajiya Rabi: Kuma kafin bokiti ya taɓa ƙasa, a ga takardar da mai fili ya samu daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, a tambayi maƙwabta inda bututun ruwa ya bi.