Makashin Gwamnati da Iyalinsa a Littattafan Leƙen Asiri

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi wasu ƙagaggun labarai na Turanci da ake samu a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Gari da wasu sassan birnin Kano, waɗanda kuma matasanmu ke karantawa a waya a yanzu, wato littattafan leƙen asiri da tauraronsu ma'aikacin gwamnati ne da aka horar domin kisa, amma kuma magidanci ne mai mata da 'ya'ya.

Da can ba haka ake siffanta ɗan leƙen asiri ba. James Bond, wanda Ian Fleming ya ƙirƙiro a 1953, tuzuru ne, kuma ranar da aka ɗaura masa aure a littafin 1963, a ranar aka kashe amaryar. Marubutan da suka biyo baya su ne suka gane cewa iyali yana ƙara wa labari armashi. Gabriel Allon, wanda Daniel Silva ya fito da shi a 2000, makashi ne na ƙasar Isra'ila wanda bam ya hallaka ɗansa, ya bar matarsa cikin jinya, daga baya ya sake aure har ya samu tagwaye. Shi ma Mitch Rapp na Vince Flynn, mai yi wa CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, aiki, an kashe masa mata tana da juna biyu.

Ba na musun gwanintar da ke cikin wannan salo, domin mutumin da yake da abin da zai rasa shi ne mai karatu ke jin tsoro dominsa, har barci ya gagare shi sai ya ga ƙarshen labari. Abin da ke damuna shi ne aiki na biyu da ake sa iyalin su yi, wato wanke tauraron. Wanda ya ga mutum yana rarrashin jaririnsa da daddare, da wuya ya kira shi azzalumi idan gari ya waye ya harbe wani, balle a ce an riga an zubar da jinin iyalinsa, sai kisan ya koma ramuwar gayya. Shi kuwa wanda aka harbe, sau da yawa layi biyu ake ba shi, ba uwa, ba mata, ba wanda zai yi masa wanka.

A zahiri kuwa yana da su. A watan Yulin 1973, a garin Lilehama na ƙasar Norwe, jami'an leƙen asirin Isra'ila sun harbe Ahmed Bouchikhi, ɗan ƙasar Maroko mai aikin raba abinci a gidan cin abinci, bisa zaton cewa shi ne wani Bafalasɗine da suke nema. Yana dawowa ne daga silima tare da matarsa mai ciki, kuma a kan idonta aka kashe shi. Sai a 1996 aka biya iyalinsa diyya, ba tare da an amsa laifi ba. A Amurka ma, bayan da kwamitin Sanata Frank Church ya bankaɗo makirce-makircen kashe shugabannin wasu ƙasashe a 1975, ciki har da Patrice Lumumba na Kwango, Shugaba Gerald Ford ya haramta wa ma'aikatan gwamnati kisan siyasa a 1976.

Ina faɗin wannan ne saboda marubutanmu na Kano, waɗanda suka daɗe suna rubutu a kan soyayya da zaman gida, su ne suka fi kowa sanin abin da waɗancan littattafai suka tsallake. Duk wanda zai gwada wannan salo da Hausa, ina roƙonsa, bayan ya raka makashin zuwa ɗakin matarsa, ya kuma kai mu gidan wanda aka kashe, mu zauna a tabarmar makoki, mu ga matar da ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, mu ji abin da kawu zai gaya wa yaron da ke tambayar yaushe babansa zai dawo.