Tsohuwar Kyamara da Babban Hoto: Laccar da Aka Gabatar wa Masu Ɗaukar Hoto a Kaduna

Assalamu alaikum. Iyayenmu a wannan sana'a da ƙannena matasa, sannunku da zuwa. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana kan masu tsohuwar kyamara da ake kawo wa aikin babban hoto, na bango ko na firem, su ce ba za su iya ba saboda kyamararsu megafiksel shida ce. Ni dai a ganina yawancin aikin nan za ku iya shi, kuna korar kuɗinku ne kawai.

Mu fara da lissafi. Hoto ɗigo-ɗigo ne. Kyamara mai megafiksel shida, wato ɗigo miliyan shida, irin Nikon D70 da ta fito a 2004, tana ba da ɗigo wajen 3000 a tsawo, 2000 a faɗi. Masu wanke hoto sun saba cewa sai ɗigo 300 a kowane inci. In ka raba, hotonka bai wuce inci 10 da kusan 7 ba, bai ma cika takardar A4 ba. Nan mutane ke karaya.

Amma 300 ɗin nan an tsara shi ne don hoton da za a riƙe a hannu, kamar na albam, ido na nesa da shi kamar taku ɗaya. Duk sanda nisa ya ninka, abin da ido ke iya bambancewa yakan ragu da rabi. Wanda ya tsaya mita biyu daga bango, ɗigo 50 a inci ma ya kusa ishe shi. Ku dubi manyan allunan talla da ke kan titin Ahmadu Bello Way. Daga mota fuskar ɗan siyasa sumul take. Ka hau tsani ka matsa, za ka tarar da ɗigo manya-manya kamar tsabar gero. To hoton amarya da za a rataye a falo, a bayan kujera, wa zai manna masa hanci? Hoton D70 in an wanke shi girman A3 yana da ɗigo wajen 180 a inci. In an sauko 150, inci 20 da 13 ke nan. Ya isa, wallahi.

Inda matsalar take shi ne ɗaukar. Babban hoto ba ya rufa asiri. In hannunka ya ɗan motsa, a ƙaramin hoto ba a gani, amma da an faɗaɗa sai gashin ido ya zama biyu. Don haka a ɗora kyamara kan ƙafarta, ko a jingina da bango. A bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske, a mafi ƙanƙanta, domin tsofaffin kyamarori da an kai su 800 sai hoto ya cika da yashi-yashi, musamman a inuwar ƙasan gwaggwaro da baƙin yadi. A fitar da mutum waje da hantsi ko bayan la'asar. A matsa kusa a cika hoton da shi tun wajen ɗauka, don duk abin da ka yanke a kwamfuta ɗigo ka zubar. Zum ɗin dijital kuwa ku kashe shi. Kuma yanzu da hunturu ke tafe, a riƙa goge gilashin. Ƙurar nan ita ke sa hoto ya yi hazo.

Sai ɓarnar da ta fi kowacce yawa a garin nan: WhatsApp. Mutum ya yi ɗauka mai kyau, ya tura wa mai wanki kai tsaye, manhajar ta matse hoton, sannan a zargi kyamara. A kai katin memori, ko a tura shi a matsayin dokumen. Haka nan JPEG, duk gyara da sake ajiyewa yana rage masa inganci. A ajiye na asali, a yi aiki da kwafi. Mai kyamarar da ke da RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, ya ɗauka da RAW.

(Wani ya tambaya kan manhajojin ƙara girman hoto.)

Eh, ɗan'uwa, suna aiki. Photoshop na yi, GIMP ma na yi kuma kyauta ne. A 2021 kamfanin Adobe, mai Photoshop, ya fito da Super Resolution, mai ninka tsawo da faɗi. Sai dai manhaja hasashe take yi, ba ta ga abin da kyamara ba ta gani ba. Na ga hoton wani dattijo da aka gyara da irin manhajojin wayar nan, tsagar fuskarsa ta ɓace, aikin hularsa ya zama wani abu daban, iyalansa suka ce wannan ba babansu ba ne. A ninka sau biyu a tsaya.

In gini ne, kamar Lugard Hall, ɗauki hotuna huɗu ko shida masu hawa kan juna, ka haɗe su da manhajar Hugin, sai ka samu ɗigo ninkin-ba-ninkin. Kafin a wanke babba kuma, ka yanko wajen ido kawai, a wanke maka shi ƙarami a ainihin girman da zai fito, ka manna a bango ka ja baya. Kanbas da takarda marar sheƙi sun fi ɓoye rashin kaifin hoto. Akwai wata tambayar kafin a kira sallah?